Harafi Ɗaya Ne Ya Kawo Sikila



Duk mun san yaron da ke kwana kuka da ciwon ƙashi, idonsa ya yi rawaya, hunturu na kamawa sai asibiti. Wani ya ce maita ce, wani ya ce iska. To, sikila ce, ga kuma inda take farowa.

A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani siririn zare da ake kira DNA, rabi daga uba, rabi daga uwa. Sinadarai huɗu kacal Allah ya jera a kansa, masana suka laƙaba musu haruffan A, T, G da C. Uku-uku jiki yake karanta su, kusan kowane uku kuma suna kiran ɗaya daga cikin sinadarai 20 da ake harhaɗa furotin da su.

Furotin ɗin da ke sa jini ja, mai dakon iskar da muke shaƙa, sunansa himogulobin. Wani sashe nasa sinadarai 146 ne a jere. A gurbi na shida, GAG ne ya kamata jiki ya karanta, amma mai sikila GTG ya gada, sai a ɗora wani sinadarin daban. Vernon Ingram ne ya gano wannan musanya ta sinadari a Ingila cikin shekarun 1950. Da zarar iska ta yi ƙaranci a jini, himogulobin ɗin sai ya manne da juna, ƙwayar jinin ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ke nan. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, wannan kuwa da ƙyar ta kai 20.

Wanda ya gaji harafin ta ɓangare ɗaya shi ne AS, lafiyarsa lau, har ma zazzaɓin cizon sauro ba ya cika kayar da shi, shi ya sa abin ya yaɗu a ƙasashenmu. Sai an gada ta uwa da uba sannan a zama SS. Saboda haka surukai, a daina ɗora wa matar laifi ita kaɗai.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya bisa huɗu. Kowane ciki na ce, don akwai gidan da 'ya'ya uku a jere suka zo da ita. Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure tun 2024. Ni dai shawarata, a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, don in lefe ya shiga gida, ba kowa ke iya cewa a fasa ba.