MAI KEMIS, AMANAR UNGUWA NA HANNUNKA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan

 

An ɗora mana nauyin mu yi magana kan shaye-shayen magunguna da kuma rawar da mai sayar da magani zai taka wajen hana shi. Mu dai ba likitoci ba ne, 'yan kasuwa ne. To amma ɗan kasuwa ya san abu guda: duk kayan da ka gani a hannun mai saye, akwai wanda ya miƙa masa. Ƙwayar da ke aljihun yaronmu ba daga sama ta faɗo ba, wani ne ya ƙirga ya ba shi, ya karɓi kuɗi.

Jama'a, abin ya wuce yadda muke zato. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 ne, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi shaye-shaye cikin shekara guda a Nijeriya. A ciki, miliyan 4 da dubu 600 magungunan kashe ciwo irin su tiramadol suke sha ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2 da dubu 400 kuma maganin tari. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Kun ga ke nan babban kaso na wannan bala'i magani ne da aka yi don warkarwa, aka juya shi.

Mu duba gida. Yaro ya taso daga Arewa ya zo cin-rani. Ya shiga dako a Bodija ko Shasha, ko tura baro, ko acaɓa, ko gadin dare. Jiki ya yi tsami, sai abokinsa ya ce ai akwai ƙwayar da in ka sha ba ka jin gajiya. Yau ɗaya, gobe biyu, kafin wata uku in bai sha ba ko buhun albasa ba ya iya ɗagawa. Tiramadol da hukuma ta yarda a yi amfani da ita mai ƙarfin miligiram 50 ce da 100, ita ma sai da takardar likita. Wadda ake fasa-ƙwaurinta kuwa har 200 da 225 take kaiwa. Ita ce ke kayar da yaro yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, mu ce aljanu ne, a kira malam ya yi ruƙiyya, alhali ƙwaya ce.

Ba samari kaɗai ba. A cikin gida akwai 'yan mata da amare masu shan ƙwayar ƙiba, wadda ake ce wa sha-ka-fashe. Fuska ta kumbura a ce ta yi kyau, ashe hawan jini da ciwon suga ake sayowa da kuɗi. Mu manya ma akwai namu. Mutum ya je kemis ya ce "haɗa mini na ciwon jiki", a zuba masa ƙwaya biyar kala-kala a leda, bai san sunan ko ɗaya ba. Farasitamol ɗin nan da muke rainawa, in baligi ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a wuni, hanta yake ci. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su dikulofenak, in aka maishe su abin kullum, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda.

Gwamnati ta yi nata. An kafa NDLEA a 1989, an kafa NAFDAC a 1993. A watan Mayu na 2018, bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar, an hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Amma jami'in gwamnati ba ya kwana a lungunmu. Wanda yake nan safe da dare, ya san ɗan wane da jikan wane, shi ne mai kemis.

A nan ya kamata mu bambanta abu biyu da muke haɗawa. Akwai famasis, wato masanin haɗa magunguna, wanda ya yi shekaru a jami'a, kuma Hukumar PCN ta yi masa rajista. Akwai kuma mai ƙaramin kemis, wanda lasisinsa na sayar da magungunan yau da kullum ne kawai, irin na ciwon kai da zazzaɓi. Ba shi da izinin ajiye tiramadol, ko ƙwayar barci irin su diyazefam da roci, balle ya yi allura a bayan labule. Shi kuwa mai yawo da magani a tire cikin rana, a tasha da bakin masallaci, babu dokar da ta san da shi.

To me muke roƙo wajen masu wannan sana'a? Na farko, maganin da doka ta ce sai da takardar likita, kada a bayar sai an ga takardar, ko da mai neman ɗan maigidan da ya ba ka hayar shago ne. Na biyu, a riƙa tambaya. Yaron da ke zuwa sayen maganin tari kullum amma ba a taɓa jin ya yi tari ba, ai ba sai an yi duba ba. A ja shi gefe a yi masa nasiha cikin sirri, in ta kama a sanar da maigidansa ko mai unguwa, ba tare da tozartawa ba. Na uku, a yi bayani da harshen da mutum ke ji. Da yawa daga cikin baƙinmu ba Yarbanci ba Turanci, ba su iya karanta abin da ke jikin kwali. Famasis ɗin da ke cin kasuwa da mu, muna roƙonsa ya ɗauki yaro mai jin Hausa ya ajiye a kanta. Na huɗu, a sayo kaya ta hanyar da aka sani, mai lambar NAFDAC. Ba mu manta da yara 84 da maganin haƙori na My Pikin ya kashe a 2008 zuwa 2009 ba.

Mun san akwai riba a haramtaccen kayan nan, kuma mun san wanda ya ƙi sayarwa wani lokaci har zagi da barazana yake sha. Shi ya sa ba za mu bar shi shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai kemis ɗin da ya hana ɗanka ƙwaya, je ka yi masa godiya, kada ka ce ya wulaƙanta ka. A daina aiken ƙananan yara sayen magani. Mai shago kada ya ba da haya sai ya ga lasisi. Yaron da ya riga ya kamu kuma, ɗaure shi da mari ba ya warkar da shi, cuta ce mai magani. Ga asibitin UCH nan kusa da mu, ga na Aro a Abeokuta, kuma NDLEA na da sashen ba da shawara.

Malamanmu sun karantar da mu cewa hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, tare da addini, rai, dukiya da zuriya. Ƙwaya kuwa duka biyar ɗin take taɓawa. Sannan mu tuna inda muke. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, iyaye da kakanni suka zauna da mutanen gari da amana, har ana ba su goro da shanu bashi ba takarda. In yaro ɗaya ya bugu ya yi ɓarna a kasuwa, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Saboda haka muna gabatar wa shugabanni shawara uku. A kafa kwamitin mutum biyar, har da mace da malami, su zagaya kemis-kemis na unguwa su zauna da masu su. A gayyato famasis mai rajista ya zo taro na gaba ya amsa tambayoyi, a samu mai fassara. Sannan ƙungiya ta ɗauki nauyin yaro ko yarinya guda daga cikin 'ya'yanmu su karanta ilmin haɗa magunguna a Jami'ar Ibadan, don wata rana mu samu namu na kanmu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.