Kaboyi Ya Sake Riga



Duk wanda ya taɓa zama a gidan sinima a Kaduna ko Kano ya san ƙa'idar fim ɗin kaboyi tun kafin a fara. Jarumi Bature ne bisa doki. Mugu kuwa, wanda 'yan kallo ke kira bos, sau da yawa ɗan fashin Meksiko ne ko ɗan asalin ƙasar Amurka da aka raba da filinsa. Mace aikinta jiran mai ceto. Mu kuma muka yi ta tafi, ba mu tambayi kanmu wa muke yi wa tafin ba.

To, ku dubi The Magnificent Seven. John Sturges ya yi shi a 1960, ya aro labarin daga fim ɗin Kurosawa na Japan na 1954: manoma sun ɗauko 'yan bindiga bakwai su kare su daga ɗan fashi Calvera. Da Antoine Fuqua ya sake shi a 2016, sai ga baƙar fata, Denzel Washington, shi ne jagora, cikin bakwai ɗin har da ɗan ƙabilar Komanci, kuma mace ce ta je ta nemo su. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mugun. Ya bar daji ya shigo gari: attajiri ne mai haƙar zinariya, yana neman filayen talakawa, ya kuma saye ɗan dokar garin. Wanda ya ga yadda birni ke cinye gonaki a nan Mahuta, kudu da kogin Kaduna, ba ya bukatar tafinta a wannan wuri.

Sai dai gyaran bai kai gindi ba. An sake fuskoki, amma har yanzu bindiga ce alƙali.

A ganina maƙwabcinmu ya riga su, ya kuma fi su zurfi. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya komo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, ciki har da Zalika Souley da Djingarey Maïga. Suka sa malafa, suka hau dawaki, suka rasa ɗan fashin da za su kora, sai suka addabi ƙauyensu, daga baya suka juya wa junansu bindiga.