Doka Ta Ba Ɗanka Gurbi a Aji

Jawabin mai fassara na jam'iyya ga jama'ar Youpwé

 

Aikina a jam'iyya shi ne juya Faransanci zuwa Hausa. Yau doka guda na kawo muku, wadda ta shafi gidaje da yawa daga nan Youpwé har New Bell, amma yawancinmu ba mu taɓa jin ta da harshenmu ba.

A layinmu akwai yarinya 'yar shekara tara da shan inna ya taɓa wa ƙafa. Uwarta ta goya ta har wata makarantar gwamnati. Aka ce mata babu wuri, kuma yarinyar ta wuce shekarun shiga aji ɗaya. Uwar ta yi godiya, ta komo gida. Ba ta san wanda ya sallame ta shi ne ya taka doka ba.

Ga dokar, ku riƙe lambarta: 2010/002, ta ranar 13 ga Afrilu 2010, dokar kare naƙasassu a Kamaru. Ta ce gurgu da makaho da kurma suna da haƙƙin karatu kamar kowane yaro. Ta ce a yi musu sassauci a kan shekaru. Ta ce a yafe wa marasa hali daga cikinsu kuɗin makaranta, duka ko wani sashe. Ta ce ginin gwamnati ya kasance mai keken guragu zai iya shiga. Shugaban makarantar da ya nuna bambanci wajen karɓar yaro saboda naƙasa kuwa, hukuncinsa ɗaurin wata 3 zuwa 6 ne, da tarar sefa 100,000 zuwa 1,000,000.

To, ina aka kwana? Umarnin firaminista da ya fayyace yadda za a yi aiki da dokar bai fito ba sai ranar 26 ga Yuli 2018. Shekara takwas! Yaron da ya isa shiga aji ɗaya a 2010 ya zama saurayi yana jiran sa hannu daga Yawunde. Ku tambayi kanku: a makarantun unguwarmu, nawa ne ke da malamin da ya iya maganar hannu ta kurame, ko rubutun makafi? Nawa ne ke da bayan gida da gurgu zai shiga da kekensa?

Mu ma muna da namu laifin, iyayena. Wani na ɓoye ɗansa a ɗaki don kunya. Wani na ajiye shi ƙofar masallaci ranar Juma'a da ƙoƙon bara. Naƙasa ba kasawa ba ce, kuma yaron nan amana ne da za a tambaye mu a kansa.

Ga abin yi tun kafin zaɓe. Ka nema wa yaro takardar haihuwa. Ka je ofishin kula da jin daɗin jama'a na gundumarka da takardar likita, ka nemi katin naƙasa na ƙasa, domin shi ne shaidarka. In aka ce babu wuri, ka roƙa a rubuta maka dalili a takarda. Ka kawo mana, mu karanta tare, mu raka ka. Wanda wannan takarda ta iske a Garwa ko Marwa ko Banyo, dokar ɗaya ce.

Gina ajujuwan firamare da gyaransu yana hannun ƙaramar hukuma. Don haka in kuka ba mu kujerun Duwala ta Biyu, mun ɗauki alkawari uku: za mu bi gida-gida mu ƙirga yaran da ke zaune, ba za mu karɓi sabon aji daga ɗan kwangila ba sai da hanyar keken guragu, kuma za mu ajiye ma'aikaci mai jin Hausa da zai taimaka da takardun katin.

Ku ajiye takardar nan, ku tuhume mu da ita. Ranar zaɓe ku fito da katinku, ku tuna da yarinyar layinmu. Har yau tana gida.

Allah Ya raya mana zuriya.