Gumi da 'Yanci: Darasi Daga Rayuwar Frederick Douglass

Lacca ce da aka gabatar gaban taron malamai, ɗalibai da masu sana'ar hannu

 

An ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda mutum ke fita daga ƙunci ta hanyar aiki tuƙuru, da kuma darajar 'yancin kai. Dukanmu mun tashi muna jin manya na cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba. In aiki kaɗai ke fitar da mutum, yaya aka yi bawa, wanda ya fi kowa aiki a kowane zamani, yake mutuwa bai mallaki ko fartanyar da yake noma da ita ba? Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, gumi ba ya ɗaga mutum sai in shi ke da ikon abin da gumin ya haifar. Zan bi maganar ta rayuwar wani mutum guda da ya ɗanɗana aiki cikin bauta, ya kuma ɗanɗana shi cikin 'yanci, sannan ya rubuta mana bambancin da hannunsa.

Karatun da aka hana

An haifi Frederick Douglass a shekarar 1818 a jihar Maryland ta Amurka, cikin bauta. Tun yana jariri aka raba shi da mahaifiyarsa, Harriet Bailey, kakarsa ce ta rene shi. Yana wajen shekara 8 aka tura shi birnin Baltimore ya yi aikatau a gidan wani mai suna Hugh Auld. Uwargidan, Sophia, ba ta taɓa riƙon bawa ba, don haka da ta ga yaron na da kaifin basira sai ta fara koya masa baƙaƙe. Da maigidan ya gano, ya tsawatar mata a gaban yaron, ya nuna mata cewa bawan da ya iya karatu ya tashi daga amfani, domin ba zai ƙara yarda da halin da yake ciki ba.

Faɗan nan ya fi karatun amfani ga Frederick. Ya gane cewa abin da ubangijinsa ke tsoro, nan hanyar fita take. Daga ranar ya zama ɗalibin kansa. In an aike shi, sai ya cusa burodi a aljihu, ya ba 'ya'yan talakawan Turawa na unguwa, su kuma su biya masa darasi. A wurin da ake ƙera jiragen ruwa yakan kalli haruffan da kafintoci ke rubutawa a jikin katako, ya kwaikwaya a bango da shinge. Yana wajen shekara 12 ya tara ɗan abin da ya samu, ya sayi wani littafin jawabai a kan santi 50, ya yi ta bitarsa. Wannan shi ne aiki na farko da ya yi wanda babu mai iya karɓe ribarsa.

A 1833 aka mai da shi ƙauye, wurin Thomas Auld, ɗan'uwan Hugh. Da aka ga ba ya lanƙwasuwa, sai a farkon 1834 aka ba da hayarsa ga wani manomi, Edward Covey, wanda ya yi suna wajen karya zuciyar bayi. Wata shida yana shan bulala kusan kowane mako, yana aikin gona daga asuba har dare. Shi da bakinsa ya ce a wannan lokacin har sha'awar karatu ta fita daga ransa. Ku lura da wannan, jama'a: bai taɓa yin aiki mai yawan na gidan Covey ba, kuma bai taɓa komawa baya kamar yadda ya koma a gidan ba. Wata rana cikin watan Agusta ya ƙi tsayawa a ɗaure shi, suka yi kokawa da Covey kusan awa biyu. Daga nan bulala ba ta ƙara hawa jikinsa a gidan ba. Da aka mai da shi wata gonar, sai ya buɗe makarantar ɓoye ta ranar Lahadi, inda bayi fiye da 40 suka riƙa zuwa koyon karatu.

Ranar Asabar a Baltimore

A 1836 ya shirya gudu, asiri ya tonu, aka kulle shi, sannan aka sake mai da shi Baltimore. A nan ya koyi sana'ar liƙe jiragen ruwa na katako, wato cusa zare a tsakanin alluna a bi da kwalta don kada ruwa ya shiga. Ya ƙware har yana samun dala ɗaya da rabi a wuni, dala 6 ko 7 a mako. Amma duk daren Asabar sai ya zube kuɗin gaba ɗaya a hannun Hugh Auld. Wani lokaci in ya kawo dala 6, sai a miƙo masa santi 6, wato ɗaya bisa ɗari na guminsa, wai don a ƙarfafa masa gwiwa. Ya ce kyautar nan ta fi ƙwacen ciwo, domin ta nuna cewa mai karɓar ma ya san kuɗin ba nasa ba ne.

A 1838 ya roƙi a bar shi ya nemi aiki da kansa. Aka yarda bisa sharaɗi: zai biya dala 3 kowane mako, ya ci da kansa, ya tufatar da kansa, ya sayi kayan aikinsa. Ko ya sami aiki ko bai samu ba, ko lafiya ko ciwo, dala 3 ɗin nan ba ta fashi. Wanda ya san tarihinmu ba zai ji wannan baƙo ba. Shi ne murgu, wanda a da bayi kan biya a Kano da sauran garuruwan Daular Usmaniyya don a bar su su yi sana'arsu, wasu har su tara kuɗin fansar kansu. Douglass ya karɓi sharaɗin da murna, ya fara ajiya. Bayan 'yan watanni ya tafi wani taron addini a bayan gari ba tare da neman izini ba, ya makara wajen kawo kuɗin mako. Nan take maigidan ya soke yarjejeniyar. Darasin a fili yake: damar da wani ya ara maka, ranar da ya ga dama zai karɓe abarsa.

Ranar 3 ga Satumba, 1838, ya sa kayan ma'aikatan jirgin ruwa, ya riƙe takardar shaidar wani baƙar fata ɗa, ya hau jirgin ƙasa. Kafin awa 24 ya isa birnin New York. Cikin kuɗin tafiyar akwai ajiyar Anna Murray, wata 'yantacciyar mace mai aikatau a Baltimore, wadda ya aura 'yan kwanaki bayan isarsa.

Wahala iri ɗaya, ɗanɗano daban

Kada mu ɗauka ya faɗa cikin daula. A garin New Bedford, inda suka sauka, Turawa masu sana'arsa sun ce in aka ɗauke shi aiki za su ajiye nasu. Ƙwararren ma'aikaci ya koma lebura: faskaren itace, kwasar gawayin kwal, lodin jiragen ruwa, zuga wuta a maƙerar tagulla. Aikinsa na farko shi ne kwashe wa wata mata tulin kwal daga ƙofar gida, ta biya shi dala ɗaya. Shekaru da yawa bayan haka yana tuna wannan dala, domin babu wanda ke jiransa ranar Asabar. A wurin zugar ma yakan manna jarida a jikin ginshiƙi, hannu na aiki ido na karatu.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A 1841 ya yi jawabi a taron masu yaƙi da bauta a Nantucket, aka ɗauke shi mai yawon wa'azin 'yanci. A 1845 ya buga tarihin rayuwarsa. A 1847 ya kafa jaridarsa, North Star, a Rochester. Lokacin yaƙin basasar Amurka ya gana da Shugaba Lincoln, 'ya'yansa biyu suka shiga rundunar baƙar fata ta Massachusetts. Ya ga ranar da aka soke bauta a tsarin mulkin Amurka a 1865, aka saki mutum kusan miliyan 4. A 1889 ya zama jakadan ƙasarsa a Haiti. Ya rasu a 1895.

Hannun da ya tallafa

Akwai masu ɗaukar irin wannan labari su mai da shi bulalar dukan talaka: ga wanda ya fi ka wahala ya fita, kai me ya hana ka? Douglass bai yarda da wannan ba. Ya shekara da shekaru yana gabatar da lacca a kan mutanen da suka gina kansu, yana yabon aiki, amma yana nanata cewa babu wanda ya gina kansa shi kaɗai, kuma sai an yi wa mutum adalci kafin a tambaye shi abin da ya tsinana. Shi kansa ba don ajiyar Anna ba, da mutanen da suka ɓoye shi a New York, da Turawan Ingila da suka tara fam 150 a 1846 suka fanshe shi a hukumance, da labarin ya sha bamban.

Mu ma muna da wannan a tarihin addininmu. Salmanul Farisi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi yarjejeniyar fansar kai da ubangijinsa a Madina a kan dashen dabino 300 da awo 40 na zinariya. Shi ya haƙa ramukan, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su taimaka masa da dashe, ya kuma dasa da hannunsa mai albarka. Ƙoƙarin mutum da tallafin jama'a tare suka fitar da shi.

Amurka kuwa ta nuna abin da ke faruwa in aka saki mutum hannu rabbana. Filayen da aka fara raba wa 'yantattun bayi a 1865, Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin masu su. Da yawa suka koma noman raba-daidai a gonakin iyayengijinsu na da, bashi na cin amfanin tun kafin girbi. Bankin da aka kafa don ajiyarsu ya durƙushe a 1874, watanni kaɗan bayan an naɗa Douglass shugabansa don a kwantar wa jama'a hankali, dubban iyalai suka yi asarar abin da suka tara. 'Yancin takarda ya samu, amma abin da zai tsaya a kai ya yi ƙaranci.

Ina muka tsaya?

A Arewacin Najeriya doka ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901, ɗa ne, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a 1936. Nijar ta mai da ita laifin hukunci a 2003. Amma tambayar daren Asabar tana nan da ranta: gumin wa, aljihun wa?

Ku dubi yaron shago da ya shekara goma yana buɗewa yana rufewa, ba albashi, ba a kuma taɓa faɗa masa ranar sallama ba. Ku dubi manomin da ya ci bashin buhu ɗaya da damina zai biya biyu da kaka, kullum yana noma, kullum rumbunsa wayam. Ku dubi yarinyar da aka kawo aikatau birni, wata dillaliya ce ke karɓar kuɗinta ƙarshen wata. Ku dubi matar da ke ƙuli-ƙuli ko ɗinki a cikin gida, miji ya mai da jarinta asusun cefane, alhali shari'a da al'ada duk sun ce dukiyarta tata ce. Babu malalaci ko ɗaya a cikin waɗannan. Akwai kuma wanda shi ya kai kansa kasuwa: saurayi mai lafiya da ya zaɓi maula da bangar siyasa, ya sayar da bakinsa da ƙuri'arsa, har ba ya iya cewa a'a ga wanda ke ba shi na shayi. Mai sana'a, ko facin taya yake yi, yana iya faɗin gaskiya da rana ya kwana lafiya da dare.

Kammalawa

Ga matasanmu, shawarata uku ce. Ku nemi abin da ba a iya ƙwacewa, wato karatu da sana'a, ko da da dare za ku koya. Kada ku raina ƙaramin aikin da ladarsa taku ce. Kuma ku yi ajiya, ko adashi ne, domin wanda ba shi da na kwana uku ba ya iya ƙin sharaɗin kowa.

Ga iyayenmu masu shaguna, gareji, gonaki da gidajen da ake yi wa aiki, nauyinku ya fi. Addini ya hore mu mu biya ma'aikaci haƙƙinsa ba tare da jinkiri ba. Ina roƙon duk mai yaro a ƙarƙashinsa, kafin wannan wata ya ƙare, ya kira shi gaban waliyyinsa da shaidu biyu, a rubuta shekarun da zai yi, da abin da zai koya, da jarin da za a sallame shi da shi. Kuɗin 'yar aiki kuma a san hannun da yake shiga, a kuma bar mata lokacin makaranta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a suna da ikon mai da wannan ƙa'ida ba tare da jiran gwamnati ba, kuma shugabanninsu da dama suna zaune a ɗakin nan.

 Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya raba mu da cin gumin wani.