Kaka Ta Yi, A Je A Wuni Wajen Inna



To, ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo. Ko ba ki leƙa waje ba, tsakar gidanki zai gaya miki, ganye sai zuba yake, shara ba ta ƙarewa. Bishiyar kuka ta fara kaɗe nata, shi kuwa gawo da ya yi damina ba ganye, yanzu ne yake tohowa. Ikon Allah!

Lokacin shanyar kuka da kuɓewa ke nan, aikin da muka koya a hannun iyayenmu. To yaushe rabonki da Inna? Ba zuwan bayan magariba nake nufi ba, a gaisa a tsaitsaye a juyo. Ki lallaɓi maigida ya bar ki ki wuni. Ki shimfiɗa mata tabarma, ki karɓe ta tsintar ganyen, idonta ya yi rauni. Za ta tuna miki cewa a inuwa ake shanya kuka, rana na kashe mata kore. In ta ɗauko labarin da kika ji sau goma, don Allah kada ki katse ta.

Hunturu kuma na tafe, ƙafar tsoho ba ta son sanyi. Ki riƙa mata man kaɗanya, ki shafa mata da hannunki.