Kirinjijiya da Dani: Bambancin Yana Wurin Saka Ƙwai

Laccar da aka gabatar gaban malamai da ɗalibai a Madalla, Suleja



A bakin yawancinmu duk tsuntsun da ya sauka a kan ruwa sunansa agwagwar ruwa. Mafarautan zamanin da ba haka suke ba, kowace da sunanta suka san ta. Biyu zan ɗauka yau, kirinjijiya da dani.

Kirinjijiya kunne ke riga ido saninta. Wanda ke da gona a fadamun da ke tsakanin Dutsen Zuma da Rafin Iku, ko ya taɓa yin yamma a madatsar Usuma, wataƙila ya ji garke na wucewa ta sama bayan magariba, suna fito siriri mai gaɓa uku. Ita ce. Fuskarta fara, ƙeya baƙa, ƙirji ja kamar jar ƙasa, ga dogon wuya da dogayen ƙafafu. Ba ta kai kilo 1 ba, kuma da wuya ka raba namiji da mace. Da dare take kiwon 'ya'yan ciyawa da shinkafa, shi ya sa manomi ke ganin ɓarna da safe bai ga ɓarawo ba.

Dani kuwa ƙato ne, namijin yakan wuce kilo 2, macen ba ta kusa da shi. Kai da wuya farare da ɗigo-ɗigon baƙi, baya baƙi mai walƙiya. A saman bakin namiji akwai wani baƙin tsiro mai faɗi da ke kumbura idan lokacin barbara ya zo. Ba shi da yawan kuka. Matafiyi ne kuma: an sa wa waɗansu zobe a ƙafa a Zimbabuwe, aka same su a Cadi da Sudan. Yana nan har Indiya, ita kuma kirinjijiya har Amurka ta Kudu.

Wannan duk na ido ne. Abin da ya kawo ni shi ne inda kowace ke saka ƙwai.

Kirinjijiya a ƙasa take sheƙa, cikin doguwar ciyawa kusa da ruwa, da damina. Miji ɗaya, mata ɗaya. Su biyun ke karɓa-karɓar kwanci na kwana 26 zuwa 28, su biyun ke jan 'yan tsaki zuwa ruwa. Dani fa? Yakan ajiye mata biyu, wani lokaci fiye, kuma ba ruwansa da kwanci. Na ga iyayenmu mata suna dariya, to ban kama sunan kowa ba. Macen kogon tsohuwar bishiya take nema, ta shige ta kwanta kusan wata guda ita kaɗai. Idan an ƙyanƙyashe sai ta sauka gindin bishiyar ta yi kira, 'yan tsakin su riƙa dirowa daga bakin kogon ɗaya bayan ɗaya, ba fiffike ba komai, su faɗo kan ciyawa su miƙe su bi ta. Saboda ƙarancin kogo, mata da yawa kan zuba ƙwai a rami guda har su yi yawan da ba mai iya rufe su da jikinta, a yi asarar mafi yawa.

To ku dubi buhunan gawayin da ke jere a bakin hanyar Kaduna da ta Minna. Bishiya ba ta yin kogo sai ta tsufa, kuma manyan itatuwa ne ke cika wa mai gawayi buhu. Ko an dasa dubu bana, dani ba zai samu ɗaki a cikinsu ba sai a zamanin jikokinmu. Ita kirinjijiya matsalarta daban ce: feshin maganin ciyawa a tsakiyar damina, da cike fadama da ƙasa a yanka filaye, abin da Madalla ta sani sarai tun da gwamnati ta tare a Abuja a 1991 jama'a suka yi ta kwararowa nan. Amma ciyawa tana dawowa cikin damina ɗaya, shi ya sa a ganina dani ya fi shiga haɗari, ko da yake babu ɗayansu da ke cikin jerin masu shirin ƙarewa a duniya.

A dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani ɓangarensa ya shiga yarjejeniyar kare dausayi ta Ramsar a 2000, duka biyun suna nan, kuma a can madatsun Tiga da Challawa da ciyawar kacala ne abin kuka. Namu a nan bai kai girman wannan ba, ana iya fara maganinsa daga majalisar dagaci: a bar gefen rafi da ciyawarsa har kaka, kuma duk bishiyar da ke da kogo a bakin ruwa a shafa mata fenti, a sanar a masallaci da coci cewa ba ta gatari ba ce. Ɗaliban da ke nan za su iya zagayawa su ƙirga irin waɗannan bishiyoyi kafin ruwan bana ya sauka.