A Horar da Masu Kare Haƙƙinmu

A 1995, zamanin Janar Abacha, aka kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Najeriya. Da gwamnati ta tsige babban sakatarenta Bukhari Bello a 2006, darajarta ta zube a idon duniya. Gyaran da aka yi wa dokarta a 2010 ne ya ba ta 'yanci da ikon yanke hukunci.

To, bayan doka, sai horar da jami'an hukumar. Jami'in da zai shiga ofishin 'yan sanda ko gidan yari dole ya iya sauraron wanda aka azabtar, ya adana shaida, ya ɓoye sunan mai ƙorafi. A ba shi mota da kuɗin mai kuma, domin da yawan waɗanda ake zalunta suna ƙauye, nesa da ofishin hukumar.